Hantar Ragon Layya

"Tofar, Malam! Tofar!"

Asabe ta fizgi hannun mijinta, amma Ɗanjuma ya riga ya haɗiye gasasshiyar hantar da yake buɗe baki da ita duk Babbar Sallah.

Ta juyo masa kan ragon. Cikin kunnen shuɗi ne.

Tun da Farfesa Talatu ta ƙirƙiro allurar da ke sa rago ya raini hantar mutum a cikinsa, kowa ya san wannan alama.

"Ka saya ba ka duba kunne ba? Hantar wa ka ci?"

Ɗanjuma ya lashi leɓe. "Wallahi ɗanɗanonta ɗaya da ta bara."

Sai aka yi sallama. Wani baƙo ne, riƙe da tsinkakkiyar igiya.

"Don Allah, ko kun ga wani rago? Gobe za a yi wa 'yata dashen hanta."