Safa a Kunnen Babur

Wa ya aike ku? Kun ci kun ƙoshi, sai ku tsare ni da tambayar abin da ya hana babanku hawa babur ɗin da ke ɗakin ajiya. A zamaninmu yaro ya yi irin wannan tambaya sai ya kwana da zafin kunne. To ku zauna, wanda ya katse ni kuma ya kuka da kansa. Ke Militsa, sauke ƙafarki daga kujera.

Babur ɗin na kakanku Milutin ne. Da shi yake kai cuku kasuwa, a kansa ya kai ni asibiti haihuwar babanku, kuma bai taɓa yarda wani ya ɗora masa sifana ba. Da ciwon gwiwa ya hana shi hawa, ya miƙa wa babanku Slavisha makulli yana haɗe rai.

Ba a jima ba Slavisha ya dawo daga birni da wasu ƙananan madubai masu zagaye. Ba irin masu tsayawa a kan sanda ba, waɗannan a bakin kan babur ake cusa su, inda hannu ke kamawa. Ya kwance na asali ya jefa a kwali, ya sa wuƙa ya yanke bakin robar, ya cusa, ya ɗaure noti. Milutin na tsaye da sandarsa.

"Robar nan ta girme ka, ka yanka ta kamar albasa."

"Baba, da naka kafaɗata kaɗai nake gani. Waɗannan har motar da ke bayana suke nunawa."

"Kai da ba ka ganin gabanka, me za ka yi da baya? Ka mai da mini babur jaki. Bari sanyi ya shigo, safa zan sa wa kunnuwan nan."

"Taɓa su ka gani. Ranar zan bar maka gidanka in tafi Jamus."

Ba wasa yake ba, abokinsa ya riga ya samo masa aiki a can. Daga nan suka daina magana. Tebur ɗaya, tukunyar wake ɗaya, amma sai dai in ji, "Inna, ce masa ya miƙo gishiri." Ɗa ɗaya gare ni, ina kallo madubi zai raba ni da shi.

Na hagun ya ƙi zama. Ramin ya yi masa faɗi, ko ya ɗaure, da ya shiga gargada sai ya sunkuya yana kallon ƙasa. Wata safiya Slavisha ya gaji, ya bar babur a zaure kusa da gangar kabeji, ya bi motar haya zuwa wurin yankan katako inda yake aiki.

Da yamma ya dawo ta lambu, ba ta titi ba. Maƙwabcinmu Obrad ya hango shi, ya cire hula, ya buɗe baki zai yi magana. Slavisha ya wuce, don tun zuwan madubai Obrad ke masa kukan jaki. Kyanwa na kulle a akurki tana ta kuka. Tagar ɗakin Milutin a wangale, mutumin da ke cewa iskar taga ita ta kashe rabin ƙauyen nan. Babanku bai ga ko ɗaya ba.

Abin da ya gani yana zaure. Safa biyu na ulu, na ubansa, ɗaya a kan kowane madubi, an ɗaure da zare.

Ya fizge ta hagu. Madubin ko motsi bai yi ba, an naɗa masa ɓallen gwangwani a ciki, an ɗaure tamau. Wato har sifana tsohon ya sa.

Ya nufi ƙofar ɗakin ubansa ya buga da ƙafa.

"Ka yi abin da ka ce, ko? Ka ji daɗi? Fito mu haɗa ido, tsoho."

Shiru.

"Tun ina yaro ban taɓa yin abu ka ce ya yi ba. Na sara itace, ka ce ya yi tsawo. Na gyara rufi, ka hau ka sake. Madubi ma ba za ka bar mini ba?"

Shiru. Shi kuwa shiru ya fi zagi ƙona masa rai. Ya jefi ƙofar da makulli.

"Ga shi nan. Ka riƙe babur ɗinka har a binne ku tare."

Ya shiga ɗakinsa, ya yaye zanen gadon da ya tarar rataye a jikin madubin kabad, yana mitar ko igiyar shanya ta ƙare a gidan. Ya tura kaya a jaka, ya dawo bakin ƙofar tsohon.

"Na tafi. Ba za ka ƙara jin muryata ba."

Duk ina cikin ɗakin Milutin ina ji. Da zan iya fitowa da wuri da na fito, amma aikin da ke hannuna ba a sakinsa a tsakiya. Sai da na kammala, sannan na buɗe ƙofa.

"Ka gama?"

"Inna, matsa. Da shi nake."

"Mayar da safar nan inda ka cire ta, ka mayar da zanen. Sannan ka wanke hannu ka zo ka kama mini."

Ya dube ni, ya dubi tagar. Jakar ta faɗi, bai sake ɗaukarta ba.

Ku tashi ku kwanta, kada in ga ƙeyar kowa. Me kuma, Militsa? Kakanku bai sa wa komai safa ba. Ni na sa, don tawul ya ƙi zama a kan madubai, kuma a ƙauyen nan ba a barin madubi ko ɗaya a buɗe a gidan da ke da gawa; tun da rana na tsinci Milutin a zaure ya cika, sifana a hannunsa.