A Bayan Tarin Bulo

Da ta hangi mijinta ya saci jiki ya shige ta ɓarakar kwanon da aka kewaye filin da shi, sai ta tsaya cak. Ashe da gaskiyar mai shago da ya ce akwai munafuki a unguwar.

Shi ne fa jagoran masu adawa da gina asibiti a filin. Shi ke dukan tebur a taro, yana cewa bene mai hawa goma zai tare musu rana, na sama su riƙa leƙen tsakar gidajensu, jiniyar motar asibiti ta hana yara barci. Amma kwanan nan ya rage magana, ya daina haɗa ido da ita, kullum da uzurin fita.

Ta bi shi, ta laɓe a bayan tarin bulo. Da me suka saye shi? Ga shi can tsaye gaban injiniya, kansa a ƙasa.

"Baba, kai ne fa ka kai mu ƙara," in ji injiniyan. "Me kuma kake nema?"

"Tambaya ce kawai, ɗana. Da gaske za ku sa injin wankin ƙoda?"

"A hawa na huɗu."

"In an bar ku, yaushe za ku gama?"

"Shekara uku."

Mijin nata ya daɗe yana kallon filin. Sannan ya ɗan ɗage wandonsa, ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura suntum.

"Uku," ya maimaita a hankali. "Ni biyu likita ya ce sun rage mini. Don Allah, kada uwar yarana ta ji."