Wayar Sanda da Takin Manoman Gwada

Sanda shi ne sakataren ƙungiyar manoman masara da doya ta Gwada, ko da yake a unguwar Ketaren Gwari da ke Minna yake zaune da iyalinsa. An zaɓe shi ne saboda ya iya kwamfuta, kuma ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba. Imel ɗin ƙungiya a hannunsa yake, haka ma shafin wata hukumar agaji da ke ba manoma takin zamani a kan rangwame kowace damina.

Kalmomin sirrin shiga waɗannan wurare ba a kansa suke ba. Yana da manhajar da ke ƙirƙiro masa dogaye masu wuyar cinka, ta adana su a fayil guda. Fayil ɗin yana zaune a wata ma'ajiya ta intanet, wayarsa da kwamfutarsa duk can suke leƙawa. In ya sauya abu a ɗaya, nan take ɗayar za ta gani.

Da ma'ajiyar ta cika da hotuna, sai shi da matarsa Kubura suka buɗe sabuwa a wani kamfani. Ya kwashe komai zuwa can, ya nuna wa kwamfuta sabon wurin, ya rufe tsohuwar. Wayar ce bai taɓa ba.

"Baban Amir, kawo wayarka in haɗa ta da sabon wurin," in ji Kubura. "Na yi tawa, ba wani aiki ba ne."

"Ai tana buɗewa lafiya lau."

"Tana buɗewa ne don tsohon kwafin yana cikinta. Abin da ka ƙara yanzu ba ya zuwa ko'ina."

"Na ji. Bari sai ƙarshen mako."

Ƙarshen mako ya zo ya wuce, wani ma ya bi bayansa. Kullum ya buɗe manhajar sai wani jan rubutu ya fito yana cewa ba a daidaita ba. Sai ya ture shi da yatsa ya ci gaba da sha'aninsa.

Gab da saukar damina, yana kasuwar doya a Gwada, saƙo ya shigo daga hukumar: kowa ya sauya kalmar sirrinsa kafin a buɗe rajistar bana. Ya samu inuwa ya zauna ya sauya a waya. Tunda ya fara, ya ce bari ya haɗa da ta imel. Manhajar ta ƙirƙiro sababbi, ko karanta su bai yi ba.

A hanyar komawa Minna, yana bayan babur, wayar ta zame daga aljihunsa ta faɗi kan titi. Kafin mai babur ya tsaya, motar doya da ke biye da su ta bi ta kanta. Har layin da ke ciki ya karye.

Ya ji zafin asarar, amma hankalinsa bai tashi ba. "Komai yana kwamfuta," ya ce wa Kubura.

Ranar da aka buɗe rajista ya kunna kwamfuta. Shafin hukumar ya ƙi kalmar, don tsohuwa ce. Ya danna wurin da aka tanada don wanda ya manta kalmarsa, aka ce an aika masa hanyar gyara ta imel. Imel ɗin ma ya ƙi buɗewa, ya nemi lambar da za a turo ta layin waya.

Ya garzaya a dawo masa da layin, sai ga wani tsohon sakacin: da sunan marigayi yayansa aka yi rajistarsa tun fil'azal, shi kuwa bai taɓa gyarawa ba. Aka ce sai ya kawo takardar rantsuwa daga kotu. Kafin ya gama wannan zirga-zirga, an rufe rajista. Ya je ofishin hukumar ya yi roƙo, jami'in ya tausaya masa, amma ya ce an riga an kasafta takin ga ƙungiyoyin da suka shiga.

Dole ya tafi Gwada ya faɗa da bakinsa. Mama Alisabatu, shugabar mata manoma, ita ce ta fara tarbarsa. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kuma bana ta faɗaɗa gonar masararta ne saboda Sanda ya tabbatar mata taki na nan tafe.

"Sakatare, ƙauyukan da ke kusa da mu sun karɓi nasu. Namu fa?"

Ya sunkuyar da kai ya yi bayani. Ta saurara har ya gama.

"Ni ban san waya ba, ɗana. Amma ka ce matarka ta gaya maka?"

"Ta gaya mini, Mama."

"To me ya hana ka?"



Masu ɗan hali suka sayi taki da tsada a kasuwa. Mama Alisabatu ba ta iya ba. Masararta ta tashi ɗorawa-ɗorawa, ta tsaya iya ƙugu, abin da ta girbe bai kai su ko tsakiyar rani ba. Ta cire babbar 'yarta daga makarantar kwana. A taron ƙarshen shekara aka sauke Sanda ba tare da hayaniya ba, kuma babu wanda ya tsaya masa.

Mai karatu, in ka sauya wurin da kake ajiye kalmomin sirrinka, ka haɗa kowace na'urarka da sabon wurin a ranar, ka gwada ka ga abin da ka sa a ɗaya ya bayyana a ɗayar kafin ka rufe tsohon. Ka tabbata layinka da sunanka yake. Sakacin da kake gani naka ne kai kaɗai, sau da yawa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba shi ke kwana da yunwa a kansa.