Gawar Fim a Dakko

Maiwada, mai kula da kayan fim, yana cusa tsummokara cikin farin yadi sai wani tsoho ya dafa kafaɗarsa ya ce masa wannan ba gawa ba ce, matashin kai ne.

Tsohon shi ne Ɗanbaba, manomin gero a Dakko. Tun ranar da 'yan fim suka taso daga masaukinsu na Talata Mafara suka kafa kyamara a bayan gari, bai bar wurin ba. Fim ɗin na tarihi ne, a kan wani Janar mai mulkin kama-karya a wata ƙasar Afirka da marubucin ya ƙaga da kansa. Abin da ya rage a ɗauka shi ne jana'izar Mujahid, matashin malamin makarantar da sojojin Janar suka kashe suka yasar a ƙofar gidan ubansa.

Aka ba Ɗanbaba labarin fim ɗin. Sai ya ce, "Ashe azzalumin ga naku na da sauran imani, tunda yana maido ma mutane gawa." Aka kwashe da dariya, har wanda ke fitowa a Janar ɗin sai da lambobin ƙirjinsa suka yi ta kaɗawa.

Abu ɗaya tsohon yake nema: a bar shi ya fito a uban mamacin, a kuma yi sallar gawar cikakkiya. Ya yi ta bin darakta Jibrin da gaisuwa mai tsawo da ƙwaryar fura, Jibrin yana zillewa. Sai jarumin da aka ɗauka daga Gusau don ya fito a uban ya aiko cewa shi ba zai hau hanyar nan ba saboda rashin tsaro. Dole Jibrin ya amince, yaran fim kuwa suka samu abin tsokana, wai son fim ya kama Baba da furfurarsa.

Washegari Ɗanbaba ya turo wata gawar a amalanke. Shi ya haɗa ta a gida, ya naɗe ta da sabon likkafani, ƙamshin turare na tashi. Maiwada ya kai hannu zai gyara ɗaurin ƙafa, tsohon ya janye masa hannu a hankali. Maiwada ya yi ƙorafin cewa ta yi tsawo, alhali yaron da ya fito a Mujahid guntu ne.

"Dogo na," in ji Ɗanbaba. "Ku bar shi hakanan."

Daga nan rigima ta fara. Jibrin yana son sahu ya kalli yamma saboda haske, tsohon ya ce ba a sallar gawa sai an fuskanci gabas. Ya tambayi Ishaq, ɗan wasan da zai yi limanci, ko ya iya addu'ar, ya sa ya karanta masa ita har ƙarshe. Ya sa kowa ya yi alwala, ya tsaya a kansu kamar mai gadin rumbu. Rana tana ta yin ƙasa, ran Jibrin yana ɓaci, amma ba shi da wani uban mamacin.

Sahun ya yi ƙaranci, sai Janar ya tuɓe kakinsa ya ari riga ya shiga baya. Masu dawowa daga gona suka hango makara, suka ajiye fartanyu suka shigo, don a Dakko ba mai wuce jana'iza ya tsaya tambayar ta wane ce. Jibrin ya so ya kore su, ya ga taron ya yi kyau a kyamara, ya ƙyale.

Kabbara ɗaya kawai Jibrin yake buƙata. Bayan ta ya ɗaga murya ya ce a tsaya, an samu. Ba wanda ya motsa. Ishaq ya ji numfashin tsohon a bayansa yana rawa, ya kasa katsewa, ya kai sallar har sallama.

Kabarin ma Ɗanbaba ne ya haƙa tun da safe, mai zurfi, ba irin na fim ba. Ya shiga da kansa ya karɓi gawar, ya kwantar da ita a ɓarin dama. Da aka gama tura ƙasa ya durƙusa ya dafa ta da tafin hannu.

"Allah shi jiƙanka, Bashar. Ka yahe mani, na daɗe."

Jibrin ya buɗe baki zai ce a sake, tsoho ya manta suna. Ya dubi fuskar tsohon, bai taɓa ganin ɗan wasa ya yi kuka haka ba, sai ya ce za su gyara muryar a situdiyo. Yaran suka tafa wa Baba, suka loda kaya, motarsu ta kama hanyar Mafara.

Ɗanbaba ya jera ƙaya a kan kabarin, ya tura amalankensa gida. Matarsa Marka tana zaune a tsakar gida tun azahar, ba ta ko hura wuta ba.

"An yi mashi?" ta tambaya.

"An yi, Marka. Mutane sun taru. Ga gabas anka yi ta, kuma ba a rage komi ba."

Sai a lokacin ta saki kukan da ta riƙe damina uku. Abin da ke cikin likkafanin karan gonarsu ne, sanye da riga da wando da hular ɗansu Bashar, wanda 'yan bindiga suka ɗauke a hanyar Maradun, malaman gari kuma suka ce ba a sallatar wanda ba a ga gawarsa ba.