Jirgin da Ba Shi da Tauraro

Tunda kana ƙorafin an yaba wa maigidanka an manta da kai, bari in ba ka misalin wani matuƙin jirgin yaƙi na Rasha, zamanin da suke gwabzawa da Jamusawa. Al'adar rundunarsu ita ce a tashi bibbiyu: na gaba ya kai hari, na baya ya tsare masa ƙeya kada a zagayo a harbo shi. Duk wanda ya kakkaɓo jirgin abokan gaba kuma, sai a zana masa jan tauraro a jikin jirginsa. To, mutumin namu ɗan baya ne. Gwanin da yake bi, taurari sun cika masa jirgi har ana neman wurin ƙari, nasa kuwa fes, kamar akushin da aka suɗe. Abokai suna tsokanarsa wai shi rakiya kawai yake zuwa sama. Yakan yi dariya, amma abin yana ci masa rai, don ko guda ɗaya yake fatan a ce nasa ne kafin yaƙi ya ƙare.

Ran nan ana tsaka da artabu a saman gonakin alkama, sai ga wani jirgin Jamus ya gifta ta gabansa yana tuƙuƙin hayaƙi, ya galabaita, ko gudu ba ya iyawa. Tsuntsu daga sama gasasshe! Har ya ɗora yatsa zai buɗe wuta, sai ya yi abin da ya saba, ya waiga. Can ta saitin rana, inda ido ba ya son kallo, wani jirgin ya sulalo ya auna bayan gwanin, shi kuwa gwani hankalinsa duk yana kan wanda yake kora. Mutumin namu ya bar tauraronsa yana ji yana gani, ya karkata fiffike ya cusa jirginsa tsakaninsu. Ruwan harsashin da aka tanadar wa gwani a kansa ya ƙare. Da ƙyar ya lallaɓa ya dire a sansani, jini ya cika masa takalmi, ƙafar nan ba ta ƙara takuwa daidai ba.

Da gwanin ya sauka aka zo da fenti za a ƙara masa tauraro, sai ya karɓe gwangwanin, ya wuce nasa jirgin, ya nufi ragargajajjen jirgin abokinsa. Duk hujin da harsashi ya yi sai ya zana masa jan tauraro, tun daga fiffike har wutsiya. Masu tsokana suka taru suna kallo. Ya juyo ya ce musu, "Kowane huji a nan a jikina aka so a yi shi. Kun taɓa ganin gawa ta tara taurari?"

Ni dai a cikin su biyun ban san wanda ya fi burge ni ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.