Wadda Ke Zuwa Ƙarshe

Kwana huɗu ayarin 'yan wasan zamiya na tafiya a kan dusar ƙanƙara, daga wannan dutse zuwa wancan, kuma kullum tsohuwa Waltraud ce ta ƙarshe. Alois ya gaji da jiranta cikin sanyi. Ya ja tsaki.

"Inna, don Allah wuce gaba, ko ma isa masauki kafin yatsuna su daskare."

"Ka tabbata, ɗana?"

"Wuce kawai."

Kafin ya gyara safar hannunsa ta ɓace kamar walƙiya, sauran suka bi ta.

A gangaren farko ya kife, ƙanƙara har wuya. Ya ɗaga hannu yadda ya saba, yana jira a ciro shi.

Shiru.

Sai lokacin ya gane: a dutse, gwani ake bari a baya don ya tsamo irinsa.