Akwatin Auta da Rediyon Inna

Karo na uku ke nan Auta yana kwance akwatin nan, kusoshi a baki, gumi na ɗiga a kan tebur.

Da hannunsa ya haɗa shi. Tsohuwar durowar katako ya faffasa, ya goge, ya shafa mata fenti, ya jera kayan cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Da ita yake zana wa mutane katin gayyata da allon talla. Ranar da ta fara aiki ya yi sallama da shagon abokinsa na kasuwa, ya kafa tebur a tsakiyar falo, ya rantse shi da zafin kasuwa har abada.

Kuma fa ya zauna. Safe zuwa yamma yana nan daram. Daga kan kujerarsa yake shinshina girki ya ce gishiri ya yi yawa. Matan maƙwabta da suka saba shigowa hira, da sun leƙo sun ga namiji a falo sai su juya. Shi kuwa a ganinsa gidan bai taɓa samun tsari irin na yanzu ba.

Matsala ɗaya ce tak, rediyon mahaifiyarsa. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin Inna da falon. Da ya danna maɓalli, fankar akwatin ta fara gurnani, kafin a ƙirga goma sai rediyon ya kama shuuu, kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai.

"Auta! Ka kunna jarababben akwatin nan ko?"

Da abin ya ishe ta sai ta ba shi mako guda. Ko rediyonta ya washe, ko akwatin ya bar gidan. Maganar Inna kuwa yankan wuƙa ce, ba a ɗinke ta.

Auta ya duƙufa karatu. Ya gano katako ba ya tare hayaniyar da kayan lantarki ke watsawa, ƙarfe ne ke tarewa. Ya samo fallen kwano, ya yanka, ya liƙe cikin akwatin kaf, ko allura ba za ta sami hanya ba. Ya kunna. Shuuu. Minti ashirin kuma kwamfutar ta ɗau zafi ta mutu, da aikin mutane a cikinta.

Ya huda ƙananan ramuka gaba da baya don iska ta ratsa, ya ƙara fanka ta biyu. Ramukan suna son raga, sai ga matarsa da rariyar ƙarfe daga kicin.

"Yanka abarka, Injiniya. Ai ba za mu bari ka ji kunya ba."

Ya ji daɗi har cikin ransa. Mace ke nan mai tausayin miji. Laifinta ɗaya a kwanakin nan shi ne yawan aron cajarsa, wai tata ta yi ɓatan dabo.

Rana ta huɗu ya taɓa jikin kwanon, wuta ta fizge shi har ya ciji harshe. To, ashe nan gizo ke saƙa! Ya kafa rodi a tsakar gida, ya jiƙa gindinsa da ruwan gishiri, ya jawo wayar tagulla ta taga ya ɗaure a jikin kwanon. Wuta ta daina jan sa. Rediyo kuwa ko a jikinsa.

Rana ta biyar ya ce bari ya kama ɓarawon a hannu. Ya zare wutar komai, ya bar fankokin kaɗai suna gurnani. Kafin a ƙirga goma, shuuu. Ya yi tsalle, ya ce fanka ce. Ya sayo sababbi masu laushin murya, ya ɗaura, ya kunna. Shiru. Minti ɗaya, minti biyu, mai labarai na ta zuba tar-tar. Auta ya kasa haƙuri.

"Inna! Kin ji? A kunne take fa!"

Bai gama rufe baki ba rediyon ya kama shuuu.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don bai taɓa yin wani aiki da ya so kamar akwatin nan ba. Ya sake bin kowace mahaɗa, ya ɗaɗɗaure, ya rage tsawon wayoyi, ya matsar da teburin can ƙarshen falo. Duk a banza.

Safiyar rana ta takwas mai baro ya tsaya a ƙofa. Auta ya naɗe akwatin a bargo ya ɗora. Inna ta sa masa albarka, matarsa ta rako shi har waje tana share ido da gefen mayafi. Ya bi bayan baro zuwa kasuwa, kansa a sunkuye.

Sai da suka kai shago ya tuna ya bar wayar allon kwamfutar a ƙarƙashin tebur. Ya juyo da sauri.

Tun daga ƙofa ya ga takalman mata birjik. Ɗakin Inna cike, rediyo na magana garau. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce lalle laifin akwatinsa ne. Har zai wuce sai ya ji shuuu, aka kwashe da dariya. Sai garau. Sai shuuu. Akwati kuwa yana kasuwa.

Ya leƙa ta gefen labule. Inna ce durƙushe a bayan rediyo, riƙe da wata 'yar caja mai araha, tana soka ta a soket tana zarewa, matan unguwa na riƙe ciki. Da ta gama nuna musu sai ta miƙa wa surukarta.

"Ungo abarki, 'yar nan. Ki adana ta da kyau, ko da zai ce zai dawo."